Kundin Gyaran Ramin Burji a Gonarmu ta Gado

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Yau na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta abin da muka yi, da abin da muka kashe, da inda muka yi kuskure, a aikin gyaran ramin da ke tsakiyar gonar da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana a ƙaramar hukumar Igabi, ba nisa da titin Kaduna zuwa Zariya. Mu bakwai ne magada, kuma da yake ni ne mazaunin garin Kaduna, wato mafi kusa da gonar, 'yan'uwa suka ɗora mini riƙon lissafi.

Tsakanin 2016 da 2019 ne wasu masu tifa suka yi ta ɗibar burji a wurin, lokacin da masu gine-gine a Mando da Rigasa da Kawo ke neman ƙasar ciko ruwa a jallo. Sun yi magana da Baba a kan naira 1,500 kowace tifa, magana ta fatar baki a gaban shaidu biyu, ba takarda, kuma ba wanda ya ta da zancen yadda za a bar wurin idan an gama. Da suka kai ga marmara mai tauri, sai suka janye motarsu ta haƙa suka koma gaba. Tun daga nan ramin ke cika da ruwa duk damina. A watan Agustan bara wani yaro mai kiwo ya zame ya faɗa ciki, Allah ya sa akwai wani manomi kusa da ya miƙa masa gora ya jawo shi. Washegari Mai Unguwa ya same ni har gida, kuma ban sami abin da zan ce masa ba face in ba shi haƙuri.

Da safe na sauka ƙasan ramin na tsaya a gindin bangon arewa, wanda ya ninka tsawona sau biyu har da ɗoriya. Daga can sama ana ganin baƙar ƙasa wadda kaurinta bai wuce taƙi ɗaya ba, saiwoyin gamba na reto daga cikinta. Ƙarƙashinta jar ƙasa ce zalla har zuwa marmara. Wannan taƙi ɗaya shi ne gonar gaba ɗaya, shi Baba ya yi shekaru yana zuba wa taki, kuma shi aka fara kwashewa aka tafi da shi.

Talata, 18 ga Fabrairu

Safiyo ya zo ya auna. Tsawon ramin mita 100 ne, faɗinsa mita 80, zurfinsa ya kai mita huɗu a arewa, yana raguwa zuwa kudu inda tifofi ke shiga. Idan aka ɗauki matsakaicin zurfi mita uku, ƙasar da aka ɗiba ta kai kubik mita 24,000, wato kimanin tifa 2,400 idan kowace na ɗaukar kubik goma. A farashin da ake kawo mana ƙasa yanzu, naira 30,000 kowace tifa, cike ramin zai ci naira miliyan 72, kuma ƙasar da za a kawo ɗin daga gonar wani za a haƙo ta. Saboda haka zancen cikewa ya mutu tun yau.

Shawarar safiyon ita ce a kwantar da bangwayen su zama gangare mai sauƙi, kowace mita ɗaya ta tsayi a ba ta mita uku ta kwanciya, a bar wuri mafi zurfi ya zama tafkin da za a killace, sauran kuma a dasa ciyawa da itatuwa. A bangon arewa hakan na nufin a yanko mita shida daga bakin ramin a turo su ciki. Kuɗin awo da zane: naira 120,000.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Na shafe yammacin jiya a wurin wani abokina lauya, na je da niyyar mu kai masu haƙar ƙara, na fito da fahimtar da ban da ita a da. Ya nuna mini cewa ƙasa daban, abin da ke cikinta daban. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnan jiha, amma sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa. Ni a tunanina ma'adini shi ne zinariyar Birnin Gwari ko kuzar Jos, ashe yashi da tsakuwa da dutse da burji ma, muddin don kasuwanci ake ɗibarsu, suna buƙatar izini daga Ofishin Rajistar Haƙar Ma'adinai da ke Abuja, izinin da ake bayarwa na shekara biyar kuma ake sabuntawa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne sharuɗɗan da ke kan mai izinin. Dole ya nemi yardar mai gona, dole a duba illar aikinsa ga muhalli kamar yadda dokar 1992 ta tanada, dole ya gabatar da tsarin yadda zai gyara wurin, ya zuba kuɗi a asusun da aka ware don gyaran, kuma ya ƙulla yarjejeniya da al'ummar da ke wurin, wadda ake sake dubawa duk shekara biyar. Dokar Ma'adinai ta kuma kafa wani kwamiti a kowace jiha da ake kira MIREMCO domin ba da shawara kan ma'adinai da muhalli, akwai kuma hukumomin kare muhalli, NESREA ta tarayya da KEPA ta jiharmu ta Kaduna.

Duk waɗannan suna hawa ne kan wanda ke riƙe da izini. Waɗanda suka haƙa gonarmu ba su taɓa nuna wa Baba wata takarda ba, ba su da ofis, kuma mu kanmu ba mu da rubutu ko layi ɗaya da zai haɗa su da ramin. Lauyan ya ce kuɗin shari'ar zai iya zarce na gyaran, kuma ba tabbas. Ya ja kunnena a kan abu biyu. Na farko, kada ko baro ɗaya na burji ya fita daga gonar da sunan sayarwa lokacin aikin, domin nan take mu ma mun zama masu haƙa ba izini, kuma tun 2024 akwai jami'ai na musamman daga cikin Sibil Difens masu sa ido kan irin wannan. Na biyu, mu rubuta wa KEPA da ƙaramar hukuma da Dagaci mu sanar da su abin da za mu yi, tare da zanen safiyo, don kada a ga katafila a zaci sabuwar haƙa ce. Yau na kai takardun uku, an buga mini hatimin karɓa a kwafina.

A ganina an tsara dokar ne da manyan kamfanoni a zuciya, alhali ramukan da suka kewaye Kaduna galibi ƙanana ne irin namu, kuma wanda mai tifa ke fara samu manomi ne ko mai unguwa, waɗanda ba su taɓa jin an karanta musu dokar da Hausa ba. Da Baba ya san yardarsa sharaɗi ce a doka, da ya san yana da abin riƙo a hannu.

Lahadi, 9 ga Maris

Bayan shan ruwa muka zauna a gidan Yaya Babba. Wani ƙanenmu ya kawo shawarar da wasu masu kwasar shara suka ba shi, cewa za su cike mana ramin kyauta da bolar cikin gari cikin shekara biyu. Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya saurara har aka gama, sannan ya ce, "Ku 'ya'yana ne, amma ba da yawuna za a binne leda da batir da allurar asibiti a inda rijiyoyin mutane suke ba." Gaskiyarsa ce, domin ruwan da ya tsuma a cikin bola ƙasa yake bi, kuma rijiya mafi kusa ba ta kai taku ɗari biyu daga ramin ba. Aka bar maganar.

An tara naira 4,200,000, har da kuɗin shanu biyu na gado da aka amince a sayar. Za a fara bayan ƙaramar Sallah.

Litinin, 7 ga Afrilu

Katafila ta iso da hantsi a bayan babbar mota. Kafin direban ya tayar da ita na zagaya da shi, na nuna masa turakun da safiyo ya kafa, na roƙe shi abu ɗaya: kafin ya yanka kowane bango, ya fara kankare baƙar ƙasar da ke kan mita shidan nan ya tara ta gefe, in ya gama kwantar da gangaren ya dawo da ita ya baje a kai. Ya ce, "Malam, wannan zai ƙara maka kwana guda cur." Na ce na ji, na kuma yarda. An gama kankare gabas da rabin arewa.

Laraba, 9 ga Afrilu

Jiya an kwantar da bangon gabas, yau kuma tiyon mai ya fashe da sassafe, aka yini neman wani a Panteka. Mai motar ya amince ba za a lissafa yau ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Jiya aka kira ni wurin aiki kan wani abin da ba zai jira ba, na bar yaron Yaya a gonar ba tare da na yi masa cikakken bayani ba, kuma laifin wannan nawa ne. Direban, da yake yana son ya rama ranar da aka rasa, ya afka wa bangon yamma kai tsaye, ya ture shi gaba ɗaya cikin ramin, baƙar ƙasa a ƙasa, ja a kanta. Da na iso yau bayan masallaci na tarar da gangare mai kyan gani, sumul, ja wur kamar sabon titi, tsawon mita tamanin. Na sa shebur na tona har gwiwa ban ga alamar baƙi ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban yi masa faɗa ba, domin a iya saninsa ya yi aiki mai tsabta, kuma duk shekarun da ya yi yana tuƙi hanya yake gyarawa, inda baƙar ƙasa abar zubarwa ce. Tono ta yanzu zai gauraya ta da ja, ba abin da za a samu. Mun yanke shawarar barin yamma yadda take, mu nemi taki mu zuba mata. Daga yau har a gama ba zan sake barin wurin ba.

Litinin, 14 ga Afrilu

An kammala. An baje baƙar ƙasa a gabas da arewa, an share ƙasan ramin ya karkata zuwa kusurwar arewa maso gabas inda tafkin zai tsaya. Hayar katafila kwana biyar naira 1,500,000, man dizal lita 800 naira 960,000, kawo ta da mayar da ita naira 250,000. Jimla naira 2,710,000.

Asabar, 26 ga Afrilu

Maƙwabcinmu ya bugo mini waya da asuba cewa ya ji ƙugin mota cikin dare. Na je na tarar da sawun tayoyi da gurbin kimanin tifa uku a gindin gangaren kudu, an kwashe da shebur, domin ƙasar da katafila ta sassauta ta zama mai sauƙin ɗiba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mu muka bar tsohuwar mashigar tifofi a buɗe. Na sanar da Mai Unguwa, muka sa leburori suka yanka rami mai zurfi a bakin mashigar, aka kafa allon gargaɗi. An kashe naira 60,000.

Lahadi, 4 ga Mayu

Saboda abin da ya faru, Dagaci ya tara masu unguwanni da manoma a ƙofar fadarsa, ya ce in yi bayanin abin da na jiyo daga lauya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba da izinin haƙa ba hurumin fada ba ne, ba kuma na ƙaramar hukuma ba, amma yardar mai gona tana hannunmu, kuma muna iya yanke shawara a tsakaninmu kan yadda za mu riƙa ba da ita." An yi muhawara mai tsawo. Wani dattijo ya ce kuɗin burji ne ya aurar da 'yarsa, kuma talaka ba ya mayar da kuɗi a bakin ƙofa. Ban ga laifinsa ba, domin Baba ma buƙata ce ta sa shi.

Daga bisani aka tsaya kan cewa ba wanda zai ba da gonarsa sai mai haƙar ya nuna takardar izininsa a gaban Mai Unguwa, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a rubuta cewa za a tara baƙar ƙasa gefe a mayar da ita, kuma a riƙa cire wani abu daga kowace tifa ana ajiyewa a hannun mutum biyu amintattu har sai an kwantar da bangwaye. An kuma hana haƙa kusa da gidaje da rijiyoyi da maƙabarta da burtali. Magatakardan fada ya rubuta, za a kai kwafi ga Hakimi. Ƙarfin wannan takarda bai wuce ƙarfin haɗin kanmu ba, kuma ranar da mai tifa zai zo da kuɗi a hannu cikin watan da hatsi ya ƙare, ranar ce za a gwada ta.

Talata, 20 ga Mayu

Daren jiya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma ya nuna mana babban gibin da ke cikin shirinmu. Gonakin da ke arewa da mu sun fi mu tudu, ruwansu gaba ɗaya ya taru ya sauko ta tsakiyar sabon gangaren, ya yanka kwazazzabai uku, babban cikinsu ya kai ƙugu. Baƙar ƙasar da na ƙara kwana guda na haya dominta, wani kaso nata yana can kwance a ƙasan tafki ya zama laka. Na tsaya a bakin babban kwazazzabon ina kallon yadda ruwan ya wanke har tsakuwa ta fito fili, na tuna safiyo ya zana layin magudana a saman gangaren, ni kuma na ɗage ta zuwa bayan dashe don in rage kashe kuɗi. Da an yanka ta da katafila tana nan, awa biyu ta isa.

Ƙasar da aka ture ba ta da saiwar da za ta riƙe ta, kuma ruwan farkon damina ya fi kowane ɓarna saboda yana samun ta tsirara. Abin yi yanzu shi ne a tare ruwan tun daga sama, a bi da shi ta gefe zuwa tafki ta hanyar da aka shimfiɗa wa duwatsu, sannan a toshe kwazazzaban.

Asabar, 31 ga Mayu

An yi gayya, mutum arba'in da ɗaya suka fito da diga da shebur. An haƙa magudanar mai tsawon mita 110, an jera gutsattsarin marmara a inda ruwan zai sauka, an cika buhu 200 da ƙasa an datse kwazazzaban hawa-hawa. Matan gidan Baffa suka yi tuwo da kunun zaƙi. Mahaifin yaron da ya faɗa ramin bara shi ya fara zuwa, shi ya tafi ƙarshe. Abinci da buhuna: naira 145,000.

Asabar, 14 ga Yuni

Bayan babbar Sallah muka shiga dashen ciyawar jema, wadda aka tumɓuko daga fadamar Baffa. Amfaninta shi ne saiwarta ƙasa take nutsewa ba ta yaɗuwa gefe, kuma idan aka dasa ta kusa da kusa takan haɗe ta zama shinge mai tace laka yana barin ruwa ya wuce a hankali. Sharaɗin shi ne layin ya tafi daidai wa daida a jikin gangare, ba hawa ba sauka, in ba haka ba shi kansa zai zama hanyar ruwa. Wani magini ya ara mana dogon tiyon nan mai ruwa a ciki da suke daidaita gini da shi, da shi muka fitar da layi uku a kowane ɓangare. Tsakanin kowane tushe da ɗan'uwansa faɗin tafin hannu. Leburori huɗu, kwana biyar, naira 80,000.

A yamma an zuba tifa shida ta kashin shanu gauraye da ɓuntun shinkafa, naira 240,000, an watsa wake mai yaɗo domin ya rufe ƙasar.

Lahadi, 29 ga Yuni

An dasa itatuwa 300 da na sayo a wurin masu renon dashe ta wajen Afaka: dogonyaro da bagaruwa a yamma saboda juriyarsu, kashu da mangwaro da ɗorawa a gabas da arewa. Wasu sun so a sa itacen turare saboda saurin girmansa da kuɗin katako, na ƙi, domin yana shan ruwa da yawa kuma ba abin kirki da ke fitowa a ƙarƙashinsa. Dashe naira 120,000, mota naira 30,000.

Asabar, 19 ga Yuli

Magudana ta riƙe ruwa uku manya ba ta fashe ba. An kewaye tafkin da waya da turakun ƙarfe, an bar ƙofa ɗaya mai kwaɗo, naira 310,000. Gara ta cinye dashe 34, kusan duka a yamma, inda ɓuntun ya jawo ta. Mun janye ɓuntun daga gindin itatuwan, mun zuba toka.

Asabar, 16 ga Agusta

Yau na zo da Baffa, muka tsaya a bakin tafki inda ake ganin ɓangarorin biyu a lokaci ɗaya. Gabas ta yi kore shar, har da ciyayin da ba mu shuka ba, tafasa da rai-ɗore da gamba, waɗanda irinsu ke kwance cikin baƙar ƙasar da aka mayar. A bayan kowane layin jema laka ta taru kamar yatsa uku. Yamma kuwa, duk da tifa shida na taki, waken ya fito tsilli-tsilli, ganyensa rawaya, jar ƙasa na leƙowa ko'ina, kuma idan rana ta buɗe takan yi ɓawo mai tauri wanda ruwa ke zamewa a kai. Baffa ya duƙa ya damƙi ƙasar gabas ya shinshina, ya je yamma ya yi haka nan, sannan ya ce, "Wannan sai kun yi mata haƙurin shekaru, ɗana."

Itatuwa 251 ke raye cikin 300. Abin da aka kashe zuwa yau naira 3,815,000 ne, saura naira 385,000 a hannu. Na lissafa cewa ko da an biya Baba kuɗin tifa 2,400 ɗin cif, abin da ba a yi ba, da naira 3,600,000 zai karɓa. Darajar naira ta wancan lokaci ta fi ta yau nesa ba kusa ba, amma shi kuɗin an daɗe da cinye shi, gonar kuma shekara shida ke nan ba a girbi komai a wannan ɓangare nata ba.

Makon jiya wani mai tifa ya nemi gonar maƙwabcinmu na kudu, Mai Unguwa ya nemi ganin takardarsa, ya ce zai dawo da ita, har yau bai dawo ba.

Kafin ƙarshen wata za a maye gurbin itatuwa 49 da suka mutu tun ƙasa na da danshi. A Oktoba za a saƙa wa kowane dashe kwando na ƙaya kafin a saki dabbobi bayan girbi, a kuma share gefen gonar saboda gobarar daji. Yaya Babba ya yi magana da wani makiyayi da zai kwana da shanunsa a saman gangaren yamma cikin rani, nesa da dashen, domin mu sami taki a wurin ba tare da kuɗin tifa ba. Zan kafa sanda mai alama a tafkin in riƙa rubuta yadda ruwan ke ja duk mako, domin sai mun san ko zai kai Maris kafin mu san da me za a yi ban-ruwan itatuwan.